Na'urar Tatsar Nono: Yadda Take Aiki da Yadda Ake Zaɓen Mai Sauƙin Kuɗi

Gabatarwa

Daga cikin halittun da ke doron ƙasa akwai rukunin da masana ilmin halitta ke kira dabbobi masu shayarwa, wato waɗanda uwa ke ciyar da abin da ta haifa da nonon da jikinta ya sarrafa. Ɗan Adam yana cikin wannan rukuni, tare da saniya da akuya da raƙumi da jemage. Sai dai shi ɗan Adam, sau da yawa larurar rayuwa kan raba uwa da jaririnta na wasu sa'o'i a kowace rana, alhali jaririn bai isa fara cin abinci ba.

A garuruwan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, a arewacin Jihar Zamfara, ba a rasa irin waɗannan iyaye mata. Akwai malamar makaranta da za ta koma aji bayan hutun haihuwa. Akwai ɗaliba mai goyo a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983. Akwai ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, akwai kuma mai jegon da ta haifi bakwaini wanda ba shi da ƙarfin tsotso. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tanadar wa ma'aikaciya hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, amma tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla, ba ruwa ba koko, har tsawon wata 6. Tsakanin mako 6 da wata 6 akwai tazara mai yawa, kuma tatsar nono a ajiye wa jariri ita ce hanyar cike wannan tazara.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa ya nuna cewa a 2013 kashi 17 cikin 100 na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata 6 ne ke samun nono zalla, a 2018 kuwa kashi 29. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da Ma'aikatar Lafiya suka auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara 5 a yankunan Shinkafi da Zurmi, suka tarar kashi 27 cikin 100 na fama da tamowa. A inda lamari ya kai haka, duk abin da zai sa jariri ya rasa nonon uwa tun da wuri barazana ce ga rayuwarsa.

Wannan darasi zai bayyana yadda jiki ke samar da nono, da yadda na'urar tatsa ke kwaikwayon jariri, sannan ya nuna abubuwan da ya kamata a duba kafin a fitar da kuɗi. Don gudun ruɗani, za a yi amfani da kalmar mama ga gaɓar jiki, kalmar nono kuwa ga ruwan da ke fitowa daga cikinta.

Yadda Jiki Ke Sarrafa Nono

A cikin mama akwai dubban ƙananan jakunkuna waɗanda suka taru curi-curi kamar nonnan inabi. Ƙwayoyin halittar da suka shafe bangon kowace jaka su ne ke ɗebo ruwa da sukari da maiƙo da sauran sinadarai daga jini, su haɗa nono. Kowace jaka tana kewaye da siraran ƙwayoyin halitta masu tsukewa kamar tsoka. Daga jakunkunan, ƙananan bututu ne ke ɗaukar nonon, suna haɗuwa da juna har su ɓullo a kan mama. Wani likitan fiɗa na Ingila, Astley Cooper, shi ya zana wannan tsari dalla-dalla a 1840. A 2005 masu bincike a Jami'ar Yammacin Ostireliya suka sake dubawa da na'urar hoton ciki, suka gano cewa manyan bututun da ke isa kan mama kimanin 9 ne a matsakaici, kuma suna kusa da fata ƙwarai, ta yadda danni kaɗan kan toshe su. Wannan bayani zai yi amfani idan aka zo batun mazurarin na'ura.

Sinadaran saƙo guda biyu, waɗanda ake kira homon, su ke tafiyar da aikin. Dukansu suna fitowa daga wata 'yar gaɓa mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari. Na farko shi ne furolaktin, wanda ke umartar jakunkuna su haɗa nono, kuma ya fi yawa a jini da dare. Na biyu shi ne oksitosin, wanda ke sa ƙwayoyin da ke kewaye da jakunkuna su tsuke, su tunkuɗo nonon cikin bututu. Wannan tunkuɗowa ita ce mata ke ji su ce nono ya kawo. Tsotson jariri ne ke aika saƙo ta jijiyoyi zuwa ƙwaƙwalwa, amma ganinsa, ko jin kukansa, ko ƙanshin rigarsa, duk kan sa oksitosin ya fito. Ciwo da tsoro da kunya kuwa kan jinkirta shi. Saboda haka matar da ta tsero daga ƙauyensu sakamakon rashin tsaro tana iya zaton nononta ya ƙafe, alhali tsoro ne ya tsare fitarsa na ɗan lokaci, kuma yakan dawo idan ta natsu ta ci gaba da shayarwa.

Akwai wata ƙa'ida ta uku da ke aiki a cikin maman kansa. Idan nono ya daɗe a jakunkuna ba a kwashe ba, sai haɗawar ta ragu. Idan ana kwashewa akai-akai, sai ta ƙaru. Wato jiki yana samar da gwargwadon abin da aka cire ne. Wannan shi ne dalilin da ya sa uwar da ke wuni ba ta shayar ba, ba ta kuma tatsa ba, nononta kan ja baya cikin 'yan kwanaki.

Shi nonon kansa, kimanin kashi 87 cikin 100 ruwa ne, kashi 7 sukarin madara, kusan kashi 4 maiƙo, kashi 1 kuma furotin. Yawan ruwan da ke cikinsa ya sa jariri ba ya buƙatar a ba shi ruwa, ko da a tsakiyar bazara ne. Nonon kwanakin farko, wato dakashi, kaɗan ne, mai kauri, mai launin rawaya, cike da sinadaran kariya daga cuta. A wasu gidaje akan matse shi a zubar bisa zaton ba shi da kyau, alhali shi ne rigakafin farko da jariri ke samu.

Yadda Na'ura Ke Kwaikwayon Jariri

Iskar da ke kewaye da mutum tana danna komai da ƙarfin da ya kai kimanin milimita 760 a ma'aunin zaiba, idan a gaɓar teku aka auna. A 1662 Robert Boyle ya bayyana cewa idan aka faɗaɗa wurin da iska ke kulle, matsinta kan ragu. Da wannan doka jariri ke aiki ba tare da ya sani ba. Yakan kama mama ya rufe bakinsa ruf, sannan ya saukar da harshensa da muƙamuƙinsa. Sararin bakinsa ya faɗaɗa ke nan, matsin iska ya faɗi, nono ya gangaro daga inda matsi ya fi yawa zuwa inda ya fi ƙaranci. A 2008 masu binciken Ostireliya suka auna wannan faɗuwar matsi, suka samu kimanin milimita 145 a matsakaici. Har ila yau, jariri ba ya zuƙa a miƙe. Da farko yakan yi tsotso gajere da sauri, kusan sau biyu a daƙiƙa, don ya ta da oksitosin. Da nono ya kawo sai ya koma tsotso mai zurfi, kusan sau ɗaya a daƙiƙa, yana ja yana saki.

Yawancin na'urorin tatsa suna da sassa huɗu: mazurari da ake kifawa a kan mama, da abin da ke faɗaɗa sarari don rage matsin iska, da bawul da ke barin nono ya wuce ba ya dawowa, da kwalbar tarawa. Bambancin kawai shi ne wa ke yin aikin ja, hannun mutum ko injin lantarki. Wani Ba'amurke mai suna Orwell Needham ya yi rajistar na'urar hannu a 1854. A cikin shekarun 1920 injiniya Edward Lasker ya ƙera ta lantarki don asibitoci a Amurka, sannan a 1956 Einar Egnell na ƙasar Suwidin ya wallafa binciken da ya nuna cewa dole na'ura ta riƙa ja da saki bi-da-bi, kuma ƙarfinta ya tsaya a iyakar da ba za ta ji wa fata rauni ba.

Abin lura a nan shi ne, na'ura ba ta haɗa nono, ba ta kuma tunkuɗo shi daga jakunkuna. Wannan aikin furolaktin da oksitosin ne. Na'ura kwashewa kawai take yi. Idan ta yi zafi har uwa ta ɗaure fuska, oksitosin ya tsaya, nono ya ragu, kome tsadarta.

Hannu Shi Ne Na'urar Farko

Uwar da ke tare da jaririnta dare da rana, kuma yana kama mama yadda ya kamata, ba ta buƙatar na'ura ko kaɗan, domin ba a ƙera abin da ya kai jariri iya kwashe nono ba. Wadda kuwa ke buƙatar tatsa, ya kamata ta fara ƙwarewa da hannu. Ga yadda ake yi:

1. A wanke hannu da sabulu. A wanke kofi mai faɗin baki, a zuba masa tafasasshen ruwa, a bar shi 'yan mintoci sannan a zubar.
2. A ɗumama mama da tsumma mai tsafta, a shafa shi a hankali daga sama zuwa ƙasa.
3. A ɗora babban yatsa a gefen baƙar da'irar da ke kewaye da kan mama ta sama, manuni kuma ta ƙasa, suna fuskantar juna.
4. A danna yatsun baya wajen ƙirji kaɗan, sannan a matsa a saki, a matsa a saki. Kada a ja fata, kada kuma a matse kan maman kansa.
5. A riƙa zagayawa da yatsun don a kwashe kowane ɓangare. Bayan minti 3 zuwa 5 a koma ɗaya maman, a yi ta musanyawa har minti 20 zuwa 30.

A kwanaki ukun farko hannu ya fi kowace na'ura. Dalili shi ne dakashi bai fi cikin ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ba a kowane zama, kuma yana da danƙo, don haka yakan maƙale a jikin mazurari da bawul ya salwanta. Da hannu kuwa sai a ɗiga shi a cokali a ba jariri nan take.

A 2016 ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara sakamakon binciken likitanci, ta nazarci gwaje-gwaje 41 a kan hanyoyin tatsa. Ta kammala da cewa dabaru marasa tsada, kamar fara tatsa da wuri, da natsuwa, da ɗumama mama da shafa shi, da tatsar hannu, da na'urori masu araha, suna iya kai manyan na'urorin lantarki amfani, wani zubin ma su fi su. Ashe ke nan, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ire-iren Na'urori

Ta farko ita ce mai ƙwallon roba, wadda ke kama da hon ɗin keke. Ita ce mafi araha, ita ce kuma mafi haɗari. Nono kan shige cikin ƙwallon, inda buroshi ba ya kaiwa, ya zama mazaunin ƙwayoyin cuta. Bugu da ƙari ba a iya daidaita ƙarfinta. Ma'aikatan lafiya sun daɗe da hana ba jariri nonon da aka tatsa da ita. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado ta tabbata.

Ta biyu ita ce mai kama da babban sirinji, wato silinda biyu, ɗaya cikin ɗaya. Sassanta kaɗan ne, tana wankuwa, amma tana buƙatar hannu biyu, kuma idan zoben robar da ke tsakaninsu ya saki, ƙarfinta ya tafi.

Ta uku ita ce mai mariƙi, wadda ake matsawa da hannu ɗaya. Uwa ce ke daidaita sauri da ƙarfi da kanta, ta fara da gajerun matsa sannan ta koma dogaye, kamar yadda jariri ke yi. Ba ta son wuta, ba ta ƙara, tana shiga jaka, kuma duk sassanta suna warwaruwa a wanke. Aibinta shi ne hannu kan gaji, kuma mama ɗaya take tatsa a lokaci guda.

Ta huɗu ita ce ta silikon, wadda take gaba ɗaya ba haɗi, kamar ƙaramar gora mai laushi. Akan matse ta a manna wa mama ɗaya yayin da jariri ke shan ɗaya. Tana tara abin da ke zuba ne, ba ta ja da saki, saboda haka ba ta isa ta riƙe nonon uwar da ke wuni nesa da jaririnta ba.

Ta biyar ita ce ta lantarki ko ta batir. Akwai mai mazurari ɗaya, akwai mai biyu da ke tatsar mama biyu a tare, wadda ke rage lokaci da kusan rabi. Ita ce ta fi dacewa da uwar da za ta tatsa sau 8 ko fiye a rana har tsawon makonni, kamar wadda bakwaininta ke kwance a asibiti. Amma ita ce mafi tsada, sassanta sun fi yawa, kuma ranar da ba wuta ba caji ta zama kayan ado.

Ma'aunan Zaɓe

Kafin maigida ko ɗan aike ya nufi kantin magani a Ƙaura ko Gusau, ko ya shiga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ya kamata a amsa waɗannan tambayoyi, kuma mai jegon ce ta fi cancantar amsa su tare da ungozoma ko ma'aikaciyar jinya.

(a) Sau nawa za a tatsa? Idan jefi-jefi ne, hannu ya wadatar. Idan sau ɗaya zuwa uku ne a rana, mai mariƙi ta isa. Idan jariri ba ya kama mama sam, sannan ne ake tunanin ta lantarki.

(b) Ana iya wanke ta? A warware ta tun a kanti. Duk inda nono zai taɓa, dole ido ya gan shi, buroshi ya kai gare shi. A karanta takardar da ke ciki a tabbatar sassan suna jure tafasa, kuma robar ba ta ɗauke da sinadarin BPA.

(c) Mazurarin ya yi daidai? Yawancin na'urori kan zo da mazurari mai faɗin milimita 24, alhali mata da yawa ƙasa da haka suke buƙata. Ana auna faɗin kan mama da rula, ban da baƙar da'irar. Idan mazurari ya yi ƙunci, kan mama zai goge ya tsage. Idan ya yi faɗi, zai zuƙo da'irar ciki, ya kumbura ta, ya toshe bututun nan da aka ce suna kusa da fata. Na'ura mai araha da mazurari daidai ta fi mai tsada da mazurarin da bai dace ba.

(d) Da wace wuta za ta yi aiki? A inda wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, wadda ake caja ta da igiya irin ta wayar hannu, ta yadda ƙaramin faifan sola zai cika ta, ta fi wadda sai an jona a bango. Ko da an sayi ta lantarki, tilas uwa ta iya tatsar hannu, domin mama ba ya jiran a kawo wuta.

(e) Ana samun kayan gyaranta? Bawul da tantanin roba su ke fara lalacewa, kuma da sun saki, ƙarfin ja ya tafi. Na'urar da ba a sayar da bawul ɗinta a kusa, ranar da ya yage ta gama aiki, musamman a yankin da tafiya kan hanya ba kullum take yiwuwa ba.

(f) Sabuwa ce ko ta hannu? Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka tana ɗaukar na'urorin gida a matsayin na mutum ɗaya. A wasu na lantarki babu shamaki tsakanin nono da inji, don haka danshi kan bi tiyo ya shiga ciki ya yi fumfuna inda ba a iya wankewa. Aro daga maƙwabciya ko sayen kwance ba tsimi ba ne.

Ainihin tsadar na'ura, ke nan, ita ce kuɗin saye, a tara da kuɗin bawul da batir da sabulu da itace ko gawayin tafasa ruwa, har tsawon watannin da za a yi ana amfani da ita. Idan aka yi wannan lissafi, ga mafi yawan malamai da ɗalibai da ma'aikata mata, mai mariƙi haɗe da ƙwarewar hannu ita ke fitowa kan gaba.

Tsafta

Nono abinci ne ga jariri, abinci ne kuma ga ƙwayoyin cuta. A 2016, a jihar Fensilbeniya ta Amurka, wata jaririya bakwaini ta kamu da sanƙarau sakamakon ƙwayar cuta mai suna Kuronobakta, har ƙwaƙwalwarta ta sami mummunar illa. Da aka bincika sai aka sami ƙwayar a jikin sassan na'urar tatsa, waɗanda akan jiƙa a ruwan sabulu na tsawon sa'o'i ba tare da gogewa ko tafasawa ba. Wannan ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta fitar da ƙa'idojin wanke na'ura a 2017. Idan haka ta faru inda ruwan famfo ke gudu dare da rana, to gidan da ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa ya fi buƙatar taka-tsantsan, balle a jihar da annobar amai da gudawa ta shafa a 2021.

Ƙa'idar ita ce, da an gama tatsa a warware sassa duka, a ɗauraye, a wanke da ruwan zafi da sabulu a cikin roba da buroshin da aka ware don wannan aiki kaɗai. A sake ɗaurayewa da ruwa mai tsafta, a shanya a kan tsumma mai tsafta inda ƙura da ƙuda ba sa kaiwa, su bushe da kansu. Aƙalla sau ɗaya a rana a tafasa su na minti 5, musamman idan jariri bakwaini ne, ko bai kai wata 2 ba, ko ba shi da lafiya. Gidan da ba zai iya wannan ba, tatsar hannu cikin kofi ta fi masa aminci.

Wajen ba jariri ma haka abin yake. Ƙaramin kofi ya fi fida, domin kan robar fida yana da wuyar wankewa, kuma yana iya sa jariri ya ƙi mama. Akan zaunar da jariri, a jingina bakin kofin a leɓensa na ƙasa har nono ya taɓa, a bar shi ya lasa da kansa, ba ɗura ba.

Ajiya a Ƙasa Mai Zafi

Ƙa'idar da aka fi sani ta ce sabon nono yana iya zama awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 a ma'aunin Salshiyos ba, kwana 4 a firji mai digiri 4, awa 24 a kula mai ƙanƙara, wata 6 kuma a firiza. Abin da jariri ya sha ya rage, a yi amfani da shi cikin awa 2 ko a zubar. Sai dai a arewacin Zamfara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana kan haura digiri 40. Wasu ƙwayoyin cuta, idan suka sami ɗumi irin na jikin mutum da abinci, suna ninka yawansu kowane minti 20. Wato cikin awa 4 sun ninka sau 12, ƙwaya ɗaya ta zama 4,096. Gaskiya ne sabon nono yana ɗauke da sinadaran da ke danne su na ɗan lokaci, amma zafi yana gajarta wannan lokaci. Saboda haka awa 4 ɗin nan ba ta bazara ba ce.

Inda ba firji, a rufe nonon a kwalba mai murfi, a tsayar da ita a cikin kasko mai ruwan randa, ko a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa mai iska. Tukunya cikin tukunya, mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana sanyaya abu ta hanyar tashin tururin ruwa, kuma ta fi aiki lokacin da iska ta bushe. Amma ba ta kai digiri 4, don haka tana taimakawa ne na 'yan sa'o'i, ba ta maye gurbin firji. Firjin da wuta ke ɗauke masa rabin yini ma ba a dogara da lissafin kwana 4 a kansa.

A ɗauki misalin malamar da ke fita ƙarfe 8 ta dawo ƙarfe 2. Jariri ɗan wata 1 zuwa 6 yana shan kimanin mililita 750 a awa 24, wato kusan mililita 30 a kowace awa. Awa 6 na buƙatar kusan mililita 190. Sai ta shayar da shi daf da fita, ta bar wanda ta tatsa da safe a ƙananan kwalabe biyu ko uku cikin kula ko ruwan sanyi, ta tatsa sau ɗaya a lokacin tara don kada mama ya sandare, ta kuma shayar da zarar ta dawo. Dokar Ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a lokacin aiki, kuma shugaban makarantar da ya ware mata ɗaki mai sirri ya taimaki oksitosin fiye da kowace na'ura. Ba a tafasa nono a wuta, sai dai a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi. Idan kuwa mama ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, a je asibiti ba tare da jinkiri ba.

Aikin Aji

1. A sami sabon sirinji mai mililita 20, marar allura. A ja fistin zuwa 5, a toshe bakin da yatsa, a ja zuwa 10. Bisa dokar Boyle, matsin iska ya faɗi daga kimanin 760 zuwa nawa? A kwatanta wannan faɗuwa da milimita 145 na jariri, a bayyana dalilin da ya sa ja da ƙarfi ke ji wa fata rauni.
2. Da ma'aunin zafi, a auna zafin aji da na ruwan randa ƙarfe 8 da 12 da 2 na tsawon mako guda. Sau nawa aka sami digiri 25 ko ƙasa da haka?
3. A bayyana aikin furolaktin da na oksitosin, da abin da ke faruwa idan nono ya daɗe a mama ba a kwashe ba.
4. A lissafa nonon da ɗalibar da ke barin jaririnta na awa 4 za ta ajiye masa.

Kammalawa

An ga cewa jikin uwa ne ke haɗa nono ya kuma tunkuɗo shi, na'ura kwashewa kawai take yi ta hanyar rage matsin iska. An kuma ga cewa ba kowace mai jego ke buƙatar na'ura ba, kuma hannu ya wadatar a lokuta da dama. Ga wadda ke buƙata, na'ura mai sauƙin kuɗi ta gaskiya ita ce wadda mazurarinta ya dace da jikinta, take wankuwa da ruwan da gidan ke da shi, take aiki ko ba wuta, kuma ake samun bawul ɗinta a kusa. Ɗaliban da suka fahimci wannan darasi su ne za a aika kanti gobe, wasunsu kuma su ne iyayen jibi. Ya dace su isar da shi ga yayyensu da iyayensu da maƙwabta, domin jariri ya cika wata 6 ɗinsa a kan nonon uwa zalla, ya ci gaba da sha tare da abinci har shekara 2.